Idanun Hafsa

Jiya a gidanmu na Bakura na tarar da Hafsa tsaye gaban madubi, tana ta yi wa kanta bayani da ido tar. Ɗiyar yayana ce ta fari, tana shekarar ƙarshe a jami'a.

Na ce, "Ke, lahiya?"

Ta ce, "Gwaggo, an ce mana wurin neman aiki sai ka kalli mai tambaya ido cikin ido, in ba haka ba a ɗauka ba ka san komai ba. Ni kuma ko Baba ban taɓa kallo haka ba."

Ashe Yaya na zaune a tsakar gida yana jin mu. Mutumin da ko sunanta bai faɗi, saboda kunyar 'yar fari, sai ya ce, "Ke, zo ki gwada da ni."

Ta durƙusa, ta ɗago kai da ƙyar, ta fara. Wallahi shi ya fara sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ashe idanun marigayiya gare ki." Mahaifiyarta yake nufi.

Tun jiya nake tunani. Kunyar da muka koya wa 'ya'yanmu a gida, ita za ta hana su aiki? Ku ya kuka yi da naku?