Mutumin Audugar Iya

Wanda bai taɓa zama Riyad ba ba ya yarda in aka ce masa ana sanyi a nan. Ana yi kuwa, mai shiga ƙashi, sai dai ba ya daɗewa. A irin wannan lokaci ne kakata Iya, mahaifiyar Abbanmu, ta zo mana da bizar ziyara daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, ina ɗan shekara bakwai ko takwas. A unguwar Suwaidi muke zaune, a saman wani shagon sayar da barguna. Umma nas ce a asibiti, Abba kuma yana aiki a Birnin Masana'antu na Biyu, don haka da aka ba mu hutun sanyi, daga ni sai Iya muke wuni a gida.

Hausata a lokacin abin tausayi ce, rabi Larabci rabi kame-kame. Iya ba ta taɓa gyara mini ba, tsokana kawai take yi. "Maigida," haka take kirana, "ni dai na yi asarar aure, an ba ni Balarabe marar ko raƙumi."

Bayan magariba mukan zauna gaban daffaya, wato na'urar ɗumama ɗaki mai jajayen sanduna. Iya ta raina ta ƙwarai. Ta ce wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, ba a gasa gyaɗa a cikinta, ai hoton wuta ce. Amma duk gidan ba wanda ya kai ta matsawa kusa da ita, a lulluɓe cikin wani tsohon gwado fari da ta zo da shi.

Umma ta sayo mini wani littafi mai manyan hotuna don in rage zaman banza. Labarin wata ƙasa ce da dusar ƙanƙara ke sauka, gidaje sun sha ado da fitilu kala-kala, dangi sun taru ana bikin sanyi ana ciye-ciye, yara kuma a waje sun gina mutum da ƙanƙara, sun sa masa jar hula da mayafin wuya, hancinsa karas. Da Larabci aka rubuta, kuma na iya karantawa. Iya ta yi allo tana yarinya, tana gane baƙaƙen amma ba ta jin ma'anarsu. Ta ɗora littafin a cinya, ta daɗe tana kallon farin da ya rufe gari.

"Masha Allah," ta ce, "bana auduga ta yi kyau a garin nan."

Na fashe da dariya. "La, Iya, talj ne! Ƙanƙara!"

"Maigida, ka taɓa ganin ƙanƙara na sauka mutane na dariya? A garinmu in ta sauko gudu ake yi, ta fasa kai, ta kwantar da dawa. Wannan auduga ce."

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ban kuma taɓa ganin gonar auduga ba, don haka ba ni da bakin musu. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, yau a takarda ta zo." Na ce, "Yalla, ta zo mu ji."

Wai a wani gari an yi shekarar da auduga ta yi yawa har ta koma saukowa daga sama. Akwai wasu yara da gidansu ba tsoho ko ɗaya, kowa na da mai ba shi tatsuniya ban da su. Sai suka tara auduga suka gina wa kansu kaka, suka aro masa hular babansu. Da yamma ta yi sai ya yi atishawa ya ce, "Wa ya sa mini karas a fuska?" Daga ranar shi ke tsaron ƙofa, yana gaisa da masu wucewa, yana ba yaran labari ta taga. Shafi ɗaya kan ishe Iya yamma guda. Ran nan akuya ta cinye masa hanci, ran nan ya yi faɗa da iska kan hula. Ni da ke iya karanta ainihin labarin na daina karantawa, don nata ya fi daɗi. Sai dai na riga na leƙa shafin ƙarshe, na kuma san abin da ke ciki: rana ta fito, mutumin ya narke, saura hula da mayafi a cikin ɗan ruwa.

Wata rana na ji Umma na gaya wa Abba cewa bizar Iya ta kusa ƙarewa, da sanyi ya wuce za ta koma gida. Na tambayi Abba me ya sa ba za a yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, ta zauna kamar mu ba, ya ce abin ba a hannunsa yake ba. A hankalina na yaro maganar ta zama ɗaya da ta littafin: sanyi ne ke riƙe da Iya, in zafi ya zo na rasa ta.

To ai sanyi muna da shi a bango. Kullum in Iya ta kwanta bayan azahar sai in taka kujera in kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, in murɗe ta har ƙarshe. Gari ya fara ɗumi, yaran unguwa sun ajiye rigunan sanyi, ni ina nan cikin tawa ina zufa, don kada wani ya ce sanyi ya wuce. Iya ta fara tari. Ranar da Umma ta dawo da wuri ta tarar da ɗaki kamar firji, tsohuwa a dunƙule cikin gwado, ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji.

"Bar mini shi," in ji Iya. "Tsakanin miji da mata ne."

Da yamma ta jawo ni gaban daffaya ta tambaye ni dalili. Hausa ta ƙi fita, Larabci ma ya ƙi. Na buɗe mata shafin ƙarshe ina kuka. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wa ya ce maka narkewa ya yi?"

"An rubuta."

"Mai rubutun bai taɓa kaɗi ba."

Ta ce da zafi ya zo, tsohon ya kira yaran ya ce tsayuwarsa a ƙofa ta ƙare, su kira uwarsu. Aka shigo da shi gida, aka gurje shi, aka shiɓe, uwar ta zauna da mazari ta kaɗe shi ya zama zare, aka kai wa masaƙi ya saƙa gwado. Hula da mayafi aka bari a waje don dama na aro ne. Da sanyi ya zagayo, a cikinsa yaran suka kwana.

"Wannan ruwan fa?" na ce, ina nuna hoton.

"Hawayen yara ne, masu araha irin naka." Ta share mini fuska da bakin gwadonta. "Baƙo raɓa ne, Maigida, rana na fitowa ya tafi. Ni kuwa ba baƙuwarka ba ce. Ƙurunƙus, yau ba kan ɓera, kan karas."

Ta tafi kamar yadda aka ce. Da muka dawo daga filin jirgi na tarar da gwadon a ninke a kan gadona. Abba ne ya gaya mini ita ta kaɗa zarensa da hannunta tun kafin a haife shi. Ba ta sake zuwa Riyad ba, kuma ina makarantar sakandare Allah ya yi mata rasuwa.

Na daɗe ina ɗauka wayo kawai ta yi mini don in daina kuka. Sai da na girma na lura cewa Hausar da nake rubutu da ita yanzu a gaban wannan daffayar na same ta, haka tsokanata, haka yadda nake kallon abu in ƙi yarda cewa ya ƙare. Iya ta san ba za ta iya tsayawa a ƙofa ba, sai ta yi amfani da ɗan sanyin nan ta shiga jikina zare-zare. Ina kewarta har yau, ba kaɗan ba.

Yanzu a unguwar Shifa nake zaune, nan Riyad, ina da 'ya mai sunanta, muna kiranta Iya Ƙarama. A sanyin bana na ciro mata littafin, bangonsa duk ya yage. Ta fi ni karatu a shekarunta, kuma ba ta da haƙurin shafi ɗaya a yamma guda, sai da ta kai ƙarshe. Ta ga hula da mayafi a cikin ruwa, ta ɗago ta dube ni.

"Abba, wen rah? Ina ya tafi?"

Na jawo gwadon na lulluɓe ta da shi har wuya.

"Ba inda ya je," na ce. "Ga shi nan a jikinki."