Liyarin Malam Sani na Unguwar Gai

Har yau gabana na faɗuwa in na tuna ranar da liyari ya ƙi yin ƙara a kan teburina. A farkon shekarun Shari'a ne, ina ƙaramin jami'in tattara kayan tarihi a Rano. Liyari tsohon kuɗin azurfa ne da iyayenmu mata kan yi ado da shi. Na ainihi bugawa ake yi da hatimin ƙarfe, in an sake shi ƙasa sai ya yi ƙara siririya. Na jabu kuwa zuba dalma ake yi a mazubin yumɓu, kuma ana ganin layin haɗi a gefensa.

Malam Sani, mai makarantar allo a Unguwar Gai, ya ara mana ɗaya daga cikin liyaran mahaifiyarsa, ana shirin raba gado. Ƙa'ida ita ce a gwada a gaban mai kaya, amma wa zai jefar da kayan malami ƙasa kamar yana ƙaryata shi? Na karɓa da hannu biyu, na sa aljihu.

A ofis na sake shi, ya ce tim. Na juya gefensa, ga layi.

Shugabana ya ce, "Wa ya shaida haka ka karɓo shi?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To, sai su ce ka musanya. Kayan magada ne fa."

Na hango kaina gaban alƙali. Na hau babur, na bi hanyar Kibiya na koma Unguwar Gai.

Na durƙusa a zauren Malam na faɗi abin da na gani, ina ta cewa wataƙila na yi kuskure. Ƙanensa ya miƙe tsaye.

"Azurfa muka ba ka, ɗan boko!"

Malam ya dube ni, sannan ya aika a ɗauko sauran. Da kansa ya riƙa sakinsu a daɓe. Wasu suka yi ƙara, wasu suka ce tim.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Inna, an cuce ta ba ta sani ba. Tashi, yaro."

Ba zan ce ƙanen ya yarda da ni ba, don bai amsa sallamata ba. Ku da kuke fara aikin nan, ku nemi afuwar mai kaya, ku gwada yana kallo. Kunyar ba ta kai tsoron ba.