Injin Baba da Motar Rusau

A tsakar gidanmu na unguwar Mahjar, can ƙasa mai tsarki, an yi wani inji da ya girme ni, ya kuma fi ni gata. Baba makanike ne, a wajen 'yan gwangwan ya tsinto shi tun kafin ya auri Umma. Injin bai taɓa tayar da komai ba, amma duk Juma'a sai an shafe shi da mai. Ni kuwa ko zazzaɓi nake, sai dai a ce in sha ruwa.

Duk baƙon da ya zo shan shayi sai Baba ya haɗa masa da tarihin injin. Wai garmar noma kamfanin da ya yi shi yake ƙerawa, da yaƙin duniya ya ɓarke aka ce ya koma tankokin yaƙi. Tanka ta farko an sa injin kusa da direba, ya riƙa gasa shi kamar tsire. Ta biyu aka lafta mata ƙarfe har gada ta kasa ɗaukarta. Ta uku ba ta da makusa, sai dai kafin ta isa fagen fama man ƙasarsu ya ƙare. Na taɓa tambayar Baba wa ya ci yaƙin. Ya ce ba ƙasar kamfanin ba ce, amma wannan ba laifin inji ba ne.

Da aka shafa wa bangayen unguwarmu jan fenti za a rushe, muka sami haya a saman bene a unguwar Sharafiyya. Baba ya yi ta auna matakala da igiya, ya ga ko injin zai hau. Umma ta ce, "Halas, ya isa haka, Alhaji. Ko ni ko ƙarfen nan, benen ba zai ɗauke mu tare ba." Ranar bai ci abinci ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Ranar rusau ya ce sai ya gani da idonsa, na raka shi. Injin na nan inda muka bar shi, lulluɓe da tsohon bargo. Motar rusau ta shigo lungu tana ruri, sai na ga Baba ya karkata kunne, ya matsa ya duba tambarin da ke goshinta. Kamfanin nan ne dai.

Ya ɗaga wa direban hannu, na zaci roƙo zai yi. Sai ya ce, "Ɗana, ba a ba irin wannan inji wuta da sanyinsa. Bar shi ya ɗau zafi tukuna."

Direban ya jira. Da ƙarar ta daidaita, Baba da bakinsa ya ce masa yalla, wato ya fara. Turi ɗaya motar ta yi, ɗakin da aka haife ni ya kwanta. Baba ya share ido da hannun riga, ya juyo gare ni.

"Kin ji? Injinta ko tari bai yi ba."