Ruwan Wankan Sa'adu

Ranar Alhamis ce, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu. Na dawo daga makaranta na tarar da kakata Hajo tsugune gaban murhu tana turara shinkafa a tsakar gidanmu na Wurno. Ta sa hannu ta gyara itace, sai wani ɗan garwashi ya manne mata a babban yatsa. Ina tsaye rungume da littattafaina ina kallonsa ja wur, ita kuwa tana ta yi mini faɗan na bar guga a bakin rijiya. Sai da ƙaurin fata ya tashi sannan ta duba, ta yarfe hannun, ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon Kaka ba sai ran nan. Ta ce, "Mi kig gani?" Na ce ban ga komai ba. Ta ce, "Madalla. Kak ki hwaɗi ma kowa, ko uwakki."

Kaka ta fi shekara arba'in tana casar shinkafa. Da an yi girbi a fadama, jakuna za su yi ta sauke buhuna a ƙofar gidanmu, ita kuma ta turara, ta shanya, ta kama taɓarya tun hantsi har la'asar. Tafin hannunta duk kanta ne. Bayan ranar garwashin na fara lura da abin da kowa bai lura da shi ba: allura na suɓuce mata, ƙullin zani na gagararta, da safe kuma takan laɓe bayan rumbu tana yarfa hannuwa tana murza su da man shanu. Da farko, in ji ta, minjirya ce ke kama mata yatsu uku, daga baya suka mutu murus. Abin da ya sa take ɓoyewa shi ne, ita ce ungozomar unguwarmu. Duk jaririn da aka haifa, ita ke yi masa wanka har ranar suna, kuma da wannan ake girmama ta fiye da casa.

Sai ta mai da ni hannunta. In za ta yi wa jariri wanka, ni ke riƙe mata ƙwarya. Ta surka ruwan, ni kuma in tsoma hannu kamar ina wasa. In da zafi in taɓe baki ta ƙara na sanyi, in ya yi daidai in yi shiru. Mata na ta yabona wai jikar Hajo ta gaji kakarta, ni kuwa ba gado ne a gabana ba, kunun kanwa ne da naman suna. Kusan shekara biyu muka yi a haka, ba wanda ya gane.

Sai matar baffana ta haifi ɗa namiji, wanda aka raɗa wa suna Sa'adu. Kwanansa huɗu a duniya, ranar Asabar da hantsi, ina bayan rumbu muna carafke da 'yan matan maƙwabta, kuma ran nan hannuna ya faɗa, ba mai iya cin duwatsuna. Kaka ta kira ni, na ce ina zuwa. Ta sake kira, na ce ga ni nan, na kuma cilla dutse sama. Ba ta kira na uku ba, don mata na zaune, kada su tambayi abin da ya sa wanka ba ya yiwuwa sai da ƙaramar yarinya. Kukan da na ji daga nan bai yi kama da kukan jariri ba. Na ruga na tarar da mai jego ta fizge ɗanta, fatar ƙafarsa ta hagu ta saɓule har gwiwa, Kaka kuma na tsugune da hannunta tsundum cikin ruwan, tana son ta ji abin da ba ta iya ji.

Bayan an dawo da shi daga asibiti, baffa ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ƙaƙa anka yi haka?" Ina maƙale jikin bango ina jiran in ji sunana. Ta ce, "Laihina na, ni ɗaya. Hannuna ya daɗe da mutuwa, nib ɓoye." Daga ranar ba a ƙara aiko mata wankan jariri ba. Akan yi haihuwa a gidan da ke jikin namu, ta ji guɗa, ta juya fuska bango. Ni kuwa ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko da ido, har ta rasu bayan damina biyu. Da ta zane ni da ya fi mini sauƙi.

Yau shekarata goma sha ɗaya ina buga takardu a kwamfuta a Sakkwato, kuma bara yatsuna uku na dama suka fara sagewa. Likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu saboda maimaita aiki ɗaya, ya ba ni abin ɗauri, ya ce in riƙa hutawa. Na faɗa a ofis ba tare da jin kunya ba, aka rage mini aiki, shi ke nan. Ina ma Kaka ta samu wanda zai ce mata ciwo ne, ba abin kunya ba. Sa'adu yanzu magidanci ne, yana fataucin albasa a Goronyo. In na je gida yakan zo gaishe ni, ya zauna ya nannaɗe wando don zafi, tabon ya bayyana, ya ce cikin raha, "Aikin tsohuwa na, Allah shi jiƙanta." Sau da yawa na buɗe baki, sai in ce amin kawai. Ciwonta shekara biyu ta iya ɓoye shi, laifina kuwa da shi ta shiga kabari.