Yara Biyar da Tsoho Mai Fitila

Shekarar da ƙanena ya tafi haƙar zinariya Tchibarakaten ita ce shekarar da na karanta wa Baba littafin yara. Ƙanen nawa ya shiga katkat, motar sahara, ta wani mutum da babu wanda ya san gidansu a Agadez. Ya kira mu sau biyu, daga nan shiru. Wata uku babu labari. Ni ke yawon tambaya a tasha, in dawo in ce wa Baba matsalar rezon waya ce.

Baba tsohon madugu ne, ya sha jan ayarin gishiri zuwa Fachi kafin yanar ido ta rufe masa gani. Zaman jiran ya fara cinye shi. Sai na ɗauko wani tsohon littafin Faransanci daga lakwal ɗin da nake koyarwa, irin wanda aka ce yaran duniya duka sun so shi. Bayan la'asar in ɗora shayi, in karanta, in juya masa da Hausa. Yara biyar ne suka faɗa ƙasar da itatuwa ke magana, wani tsoho mai fitila yana yi musu jagora.

Na zaci itatuwan ne za su dame shi. Ko a jikinsa.

"Salkar ruwa nawa suka ɗauka?" ya tambaye ni.

"Baba, ba a faɗa ba."

"Kwana nawa tsakaninsu da rijiya?"

"Almara ce fa."

"Almara ba ta jin ƙishi?"

Mai fitilar kuwa tun ranar farko bai kwanta masa ba. Wane ne ubansa, wa ya taɓa bin sa ya dawo, me ya sa yake ɓacewa ya bar yara a tsakiyar hanya? Na yi ta kare tsohon kamar kawuna ne, har ni ma na fara kallonsa a karkace. Ina ƙarama na so shi ƙwarai. Yanzu in ya yi wa yaran murmushi sai gabana ya faɗi.

Na manta da abu ɗaya sai da muka kusa ƙarshe: ƙaramin cikinsu ba ya dawowa. Ruwa ke tafiya da shi a wata gada. Na hango shafin, na haɗa shi da na gaba na juya. Na kai sauran gida, iyaye suna ta murna, na rufe littafin.

Baba bai taɓa shayinsa ba. Ya ce in faɗo masa waɗanda suka shiga gida, ɗaya bayan ɗaya, yadda madugu ke yi wa mutanensa a bakin kowace rijiya. Ina faɗa yana lanƙwasa yatsa. Babban yatsan ya rage a tsaye.

"Ina ƙaramin?"

Na ce wataƙila yana baya.

"Kin juya takarda biyu. Na ji." Ya juyo da fuskarsa wajena. "'Yar nan, ɗan da ke cikin takarda ma kin ɓoye mini shi. To nawa fa?"

Na rantse masa ban san komai ba, kuma wallahi gaskiya na faɗa. Ya gyaɗa kai kawai. Washegari da hantsi ya lalubi sandarsa, ya sa maƙwabcinmu ya kai shi tasha, ya tambaya da bakinsa.