Ranar da Aka Rufe Shafin Gwaggo Rediyo

Gwaggo Rediyo tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki, da madubi mai tsage, da bencin da ba ya rabuwa da mutane. Mahaifinta ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, wai ko an ɗauke wuta ita ba ta fasa watsa shiri. Mijinta direba ya rasu ya bar ta da yara uku, ta riƙe gidan da ƙafarta a kan keke.

Da babbar 'yarta, wadda ta zama lauya, ta ba ta waya ta buɗe mata shafi a dandalin sada zumunta, sai abin nema ya samu. Gwaggo takan jingina wayar da gwangwanin maɓallai, tana ɗinki tana zuba: kwatar da ta toshe, famfon da ya ƙafe, alkawuran da suka bi iska. Jam'iyyar Tsani ke mulki, ta Guga ke adawa, kuma duka biyun ita ke ɗinka musu rigunan kamfe.

"Ni na auna ƙugun shugabanninsu," in ji ta wata rana. "Na Tsani tun da ya ci zaɓe igiyar awo ta daina zagaye shi. Na Guga kuwa ya ce in bar masa sarari a wando, wai yana sa rai!"

Bidiyon ya karaɗe gari. Ba a jima ba ta wayi gari shafin babu. Ashe samarin jam'iyyun biyu, waɗanda ko gaisawa ba sa yi, sun haɗa kai sun yi ta kai ƙararta wurin kamfanin da ke da dandalin har aka rufe.

Nan take ta kira 'yarta. "Ke, ba ke kika ce doka ta ba ni 'yancin magana ba?"

"Ta ba ki, Mama. Hukuma ce ba za ta kama ki ba. Amma dandalin na kamfani ne, kamar shagonki, wanda suka ga dama suke kora."

"Ni na taɓa korar wani don ya faɗi gaskiya?"

"Ki yi haƙuri, zan rubuta musu."

Ina Gwaggo ina jira! Ta jawo keken har bakin ƙofa, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ƙwala wa mai aski da mai gyaran waya kira. "Kowa ya fito da wayarsa! In sun isa su rufe layin nan gaba ɗaya!"

Mata masu jiran ɗinki suka ɗaga wayoyi, masu wucewa suka tsaya, har wani mai babur ya sauke fasinja don kallo. Ta maimaita zancen ƙugu, ta ƙara da na wuya. Kafin la'asar maganar ta fita ta shafuka barkatai, mai aski yana tsalle yana cewa ƙanwarsa da ke wata ƙasa ma ta turo masa.

Bayan 'yan makonni kamfanin ya mayar da shafin, ya ce kuskure ne. Masu Tsani suka janye ɗinkinsu don fushi, amma ɗan takararsu da ya ga inda jama'a suke, da ƙafarsa ya zo neman a yi hira da shi.

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, ta cire allura daga baki.

"Zauna, ɗana. Matso kusa da wayar, ka ɗaga murya. Tambayoyina suna da yawa."