Akwati a Cikin Buhun Citta

Ina zaune a tsakar gida ina tsaga citta don shanya, sai na ji mashin ya tsaya a ƙofa. Ƙanen mijina ne ya fara shigowa, dattijon ikilisiyarmu na biye da shi, sai wasu mata biyu na ƙungiyar zumuntar matan ikilisiya a bayansu. A wurinmu, idan dattijo da matan zumunta suka shigo gidanka tare a ranar da ba ta sujada ba, ka riga ka san abin da ya kawo su. Dattijon ya ce mijina ya faɗi da mashin a hanyarsa ta dawowa daga Nok, an kawo shi asibiti a nan Kafanchan. Sai da ɗaya daga cikin matan ta zare wuƙar daga hannuna, sannan ya ƙarasa maganar.

Ban tuna abin da na ce ba. Na dai tuna ƙanen mijina ya sauke wani buhu daga kafaɗarsa ya jingine a bakin ƙofar ɗaki. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma. Buhun citta ne, ya yage ta gefe ɗaya, kuma na san abin da ke ciki, domin ni na ba da buhun.

Mijina mai ɗaukar bidiyo ne. Aure, jana'iza, godiyar girbi a majami'a, duk inda aka kira shi yana zuwa. Da mutane suka fara son a nuno taronsu daga sama, sai ya sayi ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto, wanda yara ke kira diron. A kwali ya zo. Kwalin bai jure hanyoyinmu ba, kafin damina ta wuce ya riga ya yi laushi. Daga nan aka shiga neman abin da za a riƙa sa shi a ciki.

Wani mai shago a Sabon Tasha ne yake turo masa hotuna ta waya. Akwai jakar goyo, irin ta 'yan makaranta amma mai aljihuna da yawa. Akwai kuma baƙin akwati mai tauri, da soso a ciki wanda aka yanka wa kowane abu raminsa. Mun daɗe a kan wannan magana. Jakar ba ta jan ido, amma idan mutum ya faɗi, jirgin ya tafi. Akwatin kuwa ko a ruwa aka jefa shi ba abin da zai samu kayan, sai dai duk wanda ya gan shi a bayan mashin zai ce harsashi ne a ciki. A yankinmu ba wasa ba ne. Akwai shinge a hanya, akwai 'yan banga a bakin kowane ƙauye, kuma abin da ke tashi a kan gonakin mutane ba a yi masa kallon alheri. Shi ya sa duk garin da mijina ya je, sai ya fara gaida mai unguwa ya nuna masa jirgin a hannu kafin ya tashe shi.

Ƙanen nasa yakan zo a irin wannan hira. Magidanci ne, yana noma a Kagoma, idan aiki ya yi yawa kuma yana taya yayansa. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. Matarmu yake kirana.

“Matarmu, ki gaya wa mijinki ya sayi jakar,” in ji shi wata rana. “Ranar da soja ya ga wannan akwati, ni dai ban san shi ba. Zan dawo gida in gaje ki.”

“Kai da ba ka iya ciyar da akuya ba?” na ce. “Je ka wanke hannu, tuwo na hucewa.”

Ni ce na raba gardamar. Na ce a sayi akwatin, a zura shi cikin buhun citta, a ɗaure da roba a bayan mashin. Ba wanda ke waiwayar buhun citta a ƙasarmu. Idan an tsayar da shi a shinge, sai ya kwance da kansa ya nuna, da bakinsa ya yi bayani, ba a fara hango abin daga nesa ba. Mijina ya yi dariya ya ce jirginsa zai riƙa warin miya. Haka aka yi.

Sai maganar mariƙi. Idon mijina ba shi da ƙarfi, fuskar waya ta yi masa ƙanƙanta a rana, don haka da tabulet yake kallon abin da jirgin ke gani. Dole a sami abin da zai riƙe tabulet ɗin a kan rimot ɗin da ake sarrafa jirgin da shi. Na farko na roba ne, ya karye a tsakiyar wani biki, ana cikin rawa. Na biyu ya zaɓi na ƙarfe, mai baki biyu da ke matse tabulet sama da ƙasa, da igiyar ratayawa a wuya. Bakin nan yana da cizo. Kafin ya lura har ya yi wa gefen tabulet ɗin tabo, biyu a sama, biyu a ƙasa. Daga baya ya yanko robar taya ya liƙa a bakin, amma tabon ya riga ya zauna.

Akwatin bai zo da wurin mariƙi ba. Da wuƙar yankan burodina ya zauna ya fafe masa rami a cikin soson, a hankali, yana gwadawa yana ƙarawa.

Yana da yadda yake shirya kayansa, kuma ban taɓa ganin ya canza ba. Yakan cire fukafukan jirgin ya zuba su a cikin wata tsohuwar safa. Batirin da ya ƙare yakan kife shi, mai caji ya bar shi a buɗe, don idan ya dawo da yamma ni nake sa su a wuta, kada in ruɗe. Mariƙi shi ne na ƙarshe, ya naɗe igiyarsa ya tura shi a raminsa, ya ɗora tabulet a kai, ya rufe. Sau da yawa na ji yana yi wa ƙanensa faɗa a kan wannan. Shi ƙanen, idan an ba shi ya tashi jirgin, ba ya son cire mariƙin. Sai ya zare shi daga rimot ya bar shi a rataye a wuya da tabulet ɗin, yana zagayawa cikin taro don a gan shi.

Ban taɓa buhun ba sai bayan biso, da masu zaman makoki suka fara raguwa. Wata safiya na aiki yara ɗebo ruwa, na jawo shi cikin ɗaki na kwance.

Akwatin ya kurje a kusurwa ɗaya, amma bai fashe ba. Jirgin yana nan lafiya. Fukafukan suna jikinsa, an lanƙwasa su kawai an tura. Safar tana gefe ba komai a ciki. Batura duka a buɗe suke, na danna su ɗaya bayan ɗaya, wasu ba ko ɗigon wuta. Ramin mariƙi ba komai. Babu tabulet.

Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallo. Abin da aka gaya mini shi ne mijina shi kaɗai ya je Nok ɗaukar wani biki, ya gama aiki, ya haɗa kayansa, ya kamo hanya. Ƙanensa ya ce yana gona a Kagoma aka kira shi, ya je ya karɓi buhun a hannun mutanen da suka taimaka a wurin. Hannunsa kuma, ya ce fartanya ce ta yanke shi. Amma wanda ya shirya wannan akwati ba mijina ba ne.

Na yi ƙoƙarin yi wa kowa adalci. Wataƙila hadari ya taso, ya yi sauri. Amma na sha ganinsa yana cire fukafukan nan ana yayyafi. Wataƙila wani a bakin hanya ya buɗe ya ɗauki tabulet. To wane ɓarawo ne zai bar jirgi ya ɗauki mariƙi, ya rufe akwati, ya mayar cikin buhu ya ɗaure?

Ina so in faɗi zargina daidai, kada in ƙara masa komai. Ban ce ƙanen mijina ya yi wa yayansa mugunta ba. Yana ƙaunarsa, na sani. Abin da nake zato shi ne tare suka je, shi ya tashi jirgin a ƙarshe, shi ya shirya akwatin, mariƙin yana wuyansa. Kuma saboda idon mijina, idan suna tare da yamma, ƙanen ne ke tuƙi. Yana da gudu. Idan haka ne, shi ya tashi da ciwo a hannu, mijina bai tashi ba, tsoro ya sa ya ce yana gona.

Da lokacin rabon kayan mamaci ya yi, dangi suka taru a tsakar gidanmu. Aka shimfiɗa tabarma aka fito da riguna, takalma, agogo, 'yan'uwa maza kowa ya ɗauki abin tunawa. Baffan mijina, wanda muke kira Baba domin shi ne babba a gidan yanzu, ya ce jirgi ba kayan ajiya ba ne.

“'Yata,” ya ce mini, “a ba ƙanensa ya ci gaba da aikin, ya riƙa kawo wa yaran nan abinci. Ko kina da wanda ya fi shi?”

Ba ni da shi. Maganar Baba gaskiya ce, citta kaɗai ba za ta riƙe mu ba. Na durƙusa na ce a ba ni lokaci, zuciyata ba ta kwanta ba tukuna. Ya ce ba komai, Ubangiji ya ba da haƙuri. Ƙanen mijina yana zaune a gefe, bai ɗaga kai ba.

Bayan wani lokaci ya zo shi kaɗai da rana, ya zauna a kan turmi. Ya ce tunda tabulet da mariƙi sun ɓata a hatsarin, ya samo wani tabulet, saura mariƙi. Ban taɓa gaya wa kowa sun ɓata ba. Amma na ce a raina, shi ya kawo buhun, yana iya yiwuwa ya buɗe ya duba.

“Ke kika san irin wanda Yaya ya saya,” in ji shi. “Ga hotuna mai shagon ya turo. Wanne ne?”

Na karɓi wayar na duba. Akwai na roba, akwai mai dogon wuya da ke juyawa, akwai mai rumfar kare rana, akwai irin namu na ƙarfe. Na ce ba a zaɓar mariƙi sai an san faɗin tabulet, ya ba ni in gani. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ciro shi daga jaka.

An sa wa tabulet ɗin sabuwar riga ta roba, gilashin fuskar ma sabo ne. Na yi kamar ina auna shi da tafin hannu, na ɗaga bakin rigar da babban yatsa. Tabo biyu a sama. Na juya. Biyu a ƙasa.

“A ina ka saya?”

“Wajen masu gyaran waya a kasuwa. Na hannu ne.”

“Yana da tabo.”

“Duk wanda ya taɓa shiga mariƙin ƙarfe haka yake. Ba Yaya kaɗai ke da jirgi a Kaduna ba.”

Wannan ma yana iya zama gaskiya. Na miƙa masa. Na ce, “Ranar nan, kana Nok?”

“Madam,” ya ce, “na gaya miki ina gona.”

Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ce mini Madam ba. Idonsa ya kawo ruwa, ban san ko na baƙin cikin zargi ba ne ko na wani abu. Na nuna masa hoton na ƙarfen, na ce shi ne, ya liƙa masa robar taya a baki tun kafin ya fara aiki da shi. Ya ce to. Na zuba masa abinci, ya ci kaɗan ya tafi.

Ya sayi mariƙin. Yakan zo ya duba yara, ya kawo doya, wani lokaci masara. Yaran suna murna da shi, ƙaramar tana hawa wuyansa. Ba ya tambayar akwatin da bakinsa, Baba ne ke aiko da tambaya. Ni kuma lokaci lokaci nakan fito da baturan in sa su a wuta don kada su lalace, in mayar, in tura akwatin ƙarƙashin gado.

Idan ya zo ya ce mini shi ke tuƙi, a ranar zan ba shi akwatin. Ba zan kai maganar gaban dangi ba. Hatsari hatsari ne. Abin da ba zan iya ba shi ne in miƙa kayan mijina ga wanda yake kallon idona yana ɓoye mini yadda mijina ya mutu, in kuma riƙa karɓar abinci daga hannunsa ina godiya. Idan kuwa gaskiya yake faɗa, to ina hana 'ya'yana abinci, ina kuma zaluntar mutumin da ya rasa yayansa.

Akwai hanya ɗaya ta sani. Mutanen gidan da aka yi bikin a Nok suna nan, za su tuna ko mai bidiyo ɗaya ne ya zo ko biyu. Amma idan na je na yi wannan tambaya, kafin in dawo Kafanchan labari ya riga ni isa wurin dangi, kuma kowace amsa aka ba ni, gidan ba zai koma yadda yake ba.

Na gaya wa Baba zan ba da amsa bayan an gama haƙar citta. An gama, an shanya, an kai kasuwa. Ban je Nok ba, ban kuma ba da amsar ba.